Motar da Na Zaɓa da Bijiman da Tukur Ya Riƙe

Turawa, ta Ƙaraye.

Zuwa ga ɗana Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Jajaye lafiya, ka samu Baffanka Tukur da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a inda za ka zauna, Ya haɗa ka da mutanen kirki, amin.

Na ba Innarka takardar nan ta cusa a ƙasan jakarka, don na san halina. In na zaunar da kai ido da ido ba zan faɗi rabin abin da ke raina ba, faɗa zan ɓige da shi kamar yadda na saba. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ba ka nemi shawarata ba, kuma na lura. Ranar da Baffanka ya zo ya ce zai tafi da kai ka taya shi aikin fito da kaya daga fadama da jawo motocin da suka kafe, har ya ce in kaka ta yi zai tura ka Kano ka zaɓo abin hawa na biyu wanda kai za ka riƙa ja, ina zaune a bakin tabarma ina kallon fuskarka. Ka yi ta jero masa tambayoyi. Ni da na shekara tara riƙe da sitiyari, ko sau ɗaya ba ka waiwayo ni ba. Ban ga laifinka ba, don wa zai tambayi mutumin da ruwa ya ci motarsa yadda ake zaɓen mota? Amma abin ya yi mini ciwo, kuma gara in faɗa maka sunan ciwon. Kishin ƙanena nake yi. Na daɗe ina yinsa, tun kana goye. Allah Ya ba Tukur tarakta, Ya ba shi suna, Ya kai shi Makka, amma bai ba shi ɗa namiji ba. Ni kai Ya ba ni, kai kaɗai ne abin da na fi shi da shi, yau kuma ga shi kai ma gidansa ka nufa.

To tunda ba ka tambaya ba, ni zan faɗa. Kwanan baya na ji ka a ƙofar gida kana yaba wa abokanka wata farar a-kori-kura da ka gani a tasha, kana cewa irinta za ka sayo. Da na ji, muryata na ji a bakinka.

Lokacin da kakanka ya rasu aka raba mana shanu, ni da Tukur kashi ɗaya muka samu. Ni na kore nawa gaba ɗaya zuwa kasuwa. Shi kuwa ya riƙe bijimai huɗu da suka saba da karkiya, ya sayar da ragowar ya haɗa amalanke biyu. Na yi masa dariya a gaban mutane. Na ce duniya ta ci gaba, shi yana nan yana bin gindin saniya. Ya ci gaba da haɗa amalankensa. Ka san shi, bakinsa kamar an ɗinke, wannan shirun nasa ma yana cikin abin da ke ƙona ni.

Na shiga Kano da aljihu cike. Dillali ya kai ni wani gareji, aka nuna mini motoci biyu. Ɗaya tsohuwa ce, doguwar ƙafa, fenti duk ya kwaile, kujerarta ta yage. Ɗayar kuwa fara tas, a-kori-kura, har da rediyo. Wani tsohon bakanike yana wanke hannu da fetur a gefe, ya dube ni ya ce, "Malam, ina za ka kai ta?"

Na ce, "Turawa."

Ya ce, "Kwalta ta kai can?"

Na ce ba ta kai ba.

Ya ce, "Me za ka ɗauka?"

Na ce rake da gyaɗa da abin da ya samu, daga gona zuwa bakin titi.

Ya nuna tsohuwar da haɓa ya ce, "To ga motarka nan. Ƙafafunta huɗu duk suna ja, ga ƙaramar giya ta shiga laka. Waccan ƙafar baya kawai ke turawa, ta birni ce."

Na ce masa wannan gwangwanin ko kaza ba za ta ɗaga kai ta dube shi ba. Gaskiyar magana ita ce, ba hanyar fadama nake gani a idona ba a lokacin. Fuskar Tukur nake gani ranar da zan shigo gari ina danna oda. Na sayi farar. Na kuma samu abin da nake so, yara suka bi ni da gudu, mata suka leƙo ta kan danga, Tukur ya zo ya shafa ta ya ce Allah Ya sa alheri. Sannan ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe, ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ya tafi.

Don haka, Sabi'u, in ka je Kano ka fara daga ƙasa. Ka cire babbar riga ka kwanta a ƙarƙashin motar. Ka duba tsakanin cikinta da ƙasa, in bai kai kamu ɗaya da rabi ba ka tashi ka kaɗe rigarka. Ka duba faɗin taya, don siririyar taya yanka laka take yi ta nutse, mai faɗi kuwa takawa take yi ta wuce. Ka tabbata ƙafafu huɗu suna ja, kada ka yarda da bakin dillali, ka sa a kai ta kan yashi ka gani da idonka. Ka nemi ƙugiyar ja gaba da baya, ka ga a jikin babban ƙarfen da motar ke zaune a kai aka ɗaure ta. Ka tambayi bakanike ko ana samun kayan gyaranta ba sai an jira wata guda ba. Fenti da rediyo su zo a ƙarshe, in ma sun zo.

Damina ta farko ban sha wahala ba, don a bakin hanya na tsaya ana kawo mini kaya. Amalanken wa ke kawowa? Na Tukur. Wannan ya tsaya mini a wuya. Na ce ni da mota guda ba zan zauna ina jiran shanu ba. Da kaka ta yi aka fara saran rake, wani manomi a wajen Rogo Ruma ya kira ni, na ce masa har cikin gona zan shiga.

Ga kuskuren da na yi, kuma na ɗan makiyayi ne. Akwai burtali da ya ratsa fadamar, shanu na bi safe da yamma, sun tattake shi ya yi tauri a ido, har ya tsage. Ni da na tashi a bayan shanu, abin da na sani shi ne inda garke ya wuce ƙasa ta amince. Ban yi tunanin cewa saniya ƙafa ɗaya take sawa ta zare kafin ƙasa ta farga ba, mota mai lodi kuwa zama take yi a kai. Ɓawo ne kawai a sama, kaurinsa bai fi tafin hannu ba, ƙasansa kuwa taɓo ne baƙi ƙirin. Shiga da wofi na shige lafiya. Da aka yi lodin rake har ya fi kan motar na juyo, ban yi taku ashirin ba na ji bayanta ya zauna.

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Sai na taka totur. Ƙafar baya ta yi ta juyawa tana watso laka, ni kuma ina ƙara takawa, in sa gaba in sa baya, har ƙauri ya tashi. Da na sauko, cikin motar ya kwanta a ƙasa, tayoyin baya sun shige har rabi. Ni da ƙafata na haƙa mata rami.

Masu saran rake suka tura har suka gaji. Ban aika a kira kowa ba, amma labari ya kai Jajaye. Wajen la'asar sai ga Tukur da bijimansa huɗu da sarƙa a kafaɗa. Ya gaishe ni a ladabce, "Yaya, sannu da aiki." Sannu da aiki, ka ji fa. Ya tuɓe takalmi, ya ɗauki sandarsa ta kiwo, ya yi ta zagaya wurin yana caka ta a ƙasa. Inda ta shige sosai ya kauce, inda ta tsaya ya kafa kara. Ya dawo ya ce, "Yaya, sai an sauke kayan."

Na ce ba za a sauke ba, yanzu aka gama lodi.

Ya ce, "To." Ya samu gindin bishiya ya zauna.

Haka muka yi ta zama, shi can ni nan, mutane suna kallonmu, har na gaji na ce a sauke. Ya sa aka yashe lakar da ke ƙarƙashin cikinta, aka kafa jak a kan katako aka ɗaga ƙafafun, aka cusa itace da ganyen rake, ya rage iskar tayoyin har suka baje. Ya tsayar da bijimansa can nesa inda sandarsa ta ce akwai tauri, ya haɗa doguwar sarƙa. Ya yi musu magana da Fillanci a hankali, suka sunkuyar da kai, motata ta fito sumul. Mutanen wurin suka yi ta sa masa albarka. Wani tsoho ya ce, "Allah Ya yi wa uban da ya haifi wannan rahama." Uban nan nawa ne ni ma, amma ba wanda ya waiwayo ni.

Ka riƙe wannan. Ƙafarka ta riga taya shiga kowace fadama. Ka tuɓe takalmi, ka ɗauki sanda, ka taka hanyar har ƙarshenta ka dawo. Inda ka ga ciyawa ta fi ta kewaye kore a cikin rani, ruwa ne a ƙasa. Hanyar da ta ɗauke ka da wofi ba lalle ta ɗauke ka da lodi ba. In ka ji ƙafa ta juya a wuri ɗaya sau ɗaya, ɗaga ƙafarka daga totur ka sauko. Sauke kaya ba abin kunya ba ne, rabin lodi sau biyu ya fi kwana a gona. Kuma kada motarka ta rabu da shebur, da katako mai kauri, da jak, da famfon taya.

Da na yi hankali, ranar nan ta ishe ni darasi. Amma abin da na ɗauka daga wurin daban ne. Na ga yadda ake sa wa mai fito da mota albarka, na ce ni ma sai an sa mini.

Shekaru suka ɗan ja. Da guminsa da na shanunsa Tukur ya sayi wata tsohuwar tarakta ta hannu, mai hayaƙi, ba ta da ko fitila ɗaya mai kyau. Sunansa ya bazu. Daga Ƙaraye har Rogo, duk direban da ya kafe, abin da za ka ji shi ne a kira Tukur mai sarƙa. Ni kuma sai a ce, "Wane Garba? Au, yayan Tukur mai sarƙa." Ni na riga shi zuwa duniya da shekara huɗu, amma da sunansa ake gane ni.

Wata ranar kasuwa babbar mota ɗauke da buhunan gyaɗa ta kafe a wani kwari kusa da garinmu. Na ji an tura mai keke Jajaye. Na ce kafin Tukur ya iso da kunkurun taraktarsa, ni na gama. Na figi mota, na ɗauki igiyar da nake ɗaure kaya. Direban babbar motar ya dubi a-kori-kurata, ya dubi tasa, ya ce, "Maigida, anya kuwa?" Na ce ya shiga ya kama sitiyari kawai. Na matso kusa don igiyar gajera ce, wato ni ma ina tsaye a kan lakar. Na ɗaura a bambarta, ƙarfen nan na goshin mota, na ɗaura a tawa. Na ja a hankali ba ta motsa ba. Mutane sun taru ana kallo. Sai na ja baya na saki igiya ta yi laushi, na taka totur da ƙarfi don in fizge ta.

Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Bambar babbar motar ce ta ɓalle, igiya ta yi bulala da ita. Malam Audu mai shayi, ka san shi, wanda yake ɗingishi, yana tsaye a gefe ya zo kallo. Ƙarfen ya same shi a ƙwauri. Ba da ɗingishi aka haife shi ba, Sabi'u, ni na sa masa. An ce maka faɗuwa ya yi, shi ma haka yake faɗa don ya rufa mini asiri. Wata uku yana kwance a gidan mai ɗori. Ya yafe mini tun a lokacin, amma duk safiya in na gan shi yana jan ƙafar zuwa teburinsa sai na sauya hanya.

Tukur ya iso ya tarar da motoci biyu a kafe da mutum a kwance. Shi ya ɗauki Malam Audu a tirelar taraktarsa ya kai shi wurin ɗori, ya dawo ya fito da babbar motar, sannan ya fito da tawa, wadda kulocinta ya riga ya ƙone.

Mai ja dole ya fi abin da zai ja ƙarfin tsayuwa, ko dai ya fi shi nauyi ko ya fi shi samun ƙasa mai tauri. Don haka sarƙarka ta zama doguwa, ka tsaya nesa a kan tudu. Igiyar ɗaure kaya ba ta jan mota. Kada ka taɓa ɗaurawa a bamba, ka kwanta cikin lakar ka nemo babban ƙarfen ƙasa. Ka jefa jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar sarƙa, in ta tsinke zai kwantar da ita. Ka kori 'yan kallo nesa ko da za su ce kana da girman kai, ko hakimi ne ka roƙe shi ya matsa. Ka ja da ƙaramar giya, sannu sannu, ba a fizga. In kuma ka ga abin ya fi ƙarfin abin hawanka, ka ce ya fi ƙarfinsa. Ni wannan kalmar ce ban iya faɗa ba.

Yanzu sai labarin da ka sani rabi. Kana da wayo lokacin da ruwa ya ci motar, an ce maka ƙaddara ce. Ƙaddara ce, amma da hannuna a ciki.

Tsakiyar damina ce, na ɗauko buhunan taki zan kai wani ƙauye bayan Jajaye. Akwai rafi a hanya, mashiginsa yashi ne, ruwan bai kai gwiwa ba. Na shiga, a tsakiya yashin ya riƙe ƙafafun baya. Wannan karon ban taka totur ba, na koyi wannan. Da azahar ne, rana tana sama, amma gabas ta yi baƙi. Daga inda nake tsaye ina jin ƙugin taraktar Tukur yana huɗa a wata gona, tafiyar da ba ta kai ta shan kofin shayi ba. Wata dattijuwa mai tallar nono ta tsaya a bakin gaɓa ta ce, "Bawan Allah, ga Tukur can, in kira maka shi? An yi ruwa a sama, rafin nan ba ya sallama."

Na ce, "Inna, bar shi, na aika a kira wani."

Ta ce, "Wani ya fi shi kusa ne?"

Na ce ta yi tafiyarta. Na tari mai babur na tura shi har Ƙaraye ya nemo mini wani mai tarakta. Na zaɓi in jira na nesa da in sake jin ana sa wa ƙanena albarka a kaina karo na uku. Na yi ta kwashe taki a ka ina kaiwa gaɓa, ina kallon hanya. Ko ɗigo bai sauka a inda nake ba. Can sai na ga ruwan ya sauya launi, ya yi ja, karare da kumfa suna tahowa. Kafin in ƙara kwashe buhu biyar ya kai ƙofar motar. Na fito da ƙyar. Ina tsaye ina kallo ya ɗaga ta, ya juya ta, ya kifar.

Dattijuwar nan ba ta ji maganata ba, ta je ta gaya masa. Ya iso a guje da taraktar, amma ya makara da kaɗan. Ya tsaya kusa da ni muna kallon tayoyin a sama. Na jira ya ce me ya sa ban kira shi ba. Wallahi na so ya faɗa, in samu abin da zan kama in yi masa ihu. Sai ya cire rigarsa ta sama ya yafa mini, ya ce, "Yaya, tunda kai ka fita, alhamdu lillahi." Bayan kwana biyu da ruwa ya janye ya jawo gawarta har ƙofar gidanmu. Injin ya cika da yashi, 'yan gwangwan suka saya. Daga ranar na koma fartanya.

Ka kira taimako tun rana tana sama, tun ruwa yana idon sawu. Ka kira wanda ya fi kusa, ko da ba kwa ga maciji da juna. Kada ka tsaya a cikin rafi da damina kana lissafin wa zai ji daɗi.

Game da abin da za ka zaɓo, ga ra'ayina, ka ɗauka ko ka bari. In aikin fadama ne da ja, tarakta ta hannu mai lafiyar inji ta fi kowace a-kori-kura. In Baffanka ya fi son mota don kai kaya kasuwa, to mai jan ƙafa huɗu, ko da ta fi kowace muni a garejin. In tarakta ce, ka duba haƙoran tayoyin baya ba su cinye ba. Ka ɗura musu ruwa don su yi nauyi, ka rataya ƙarfe a gaba. Sarƙa kuma a ƙasa ake ɗaura ta, a ƙarfen ja da ke ƙarƙashi. In ka ɗaura sama da gindin ƙafafun baya, gabanta zai tashi ta kifo a kanka kafin ka kai ƙafa kuloci. Tirela ka nemi mai tayoyi masu faɗi, kada ka yi kwaɗayin babba. Kuma duk abin da kuka saya, kada ku sayar da bijimai, akwai inda su kaɗai ke shiga.

Kada ka ɗauka ni na gano waɗannan. Duk a wurin Tukur na gani. Shekara da shekaru in na ji yana aiki kusa, sai in fake da zuwa gona in tsaya bayan bishiya ina kallon yadda yake yi. Na san aikinsa kamar ni na koya masa, amma ban taɓa buɗe baki na ce ya iya ba. Ya iya. Ka saurare shi fiye da yadda ka saurare ni.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna shekarar da ka gama makaranta ka ce in roƙar maka Baffanka ya ɗauke ka aiki? Na dawo na ce maka ya ƙi, wai ba ya haɗa sana'a da dangi. Ƙarya na yi maka. Ban je ba ma. Shi ne ya zo da ƙafarsa, ba sau ɗaya ba, sau uku, kowace kaka, yana cewa, "Yaya, ka ba ni Sabi'u, yaron nan yana da hannu." Nakan ce masa kai ne ba ka so. Shekara uku kana zaune a tasha kana kallon motocin mutane, sa'o'inka suna aure, ni ina kallonka ina sane. Ka riƙe shi a zuci, ka daina zuwa gaishe shi, har ka ƙi zuwa bikin 'yarsa, ni kuma na ji daɗin hakan, Allah Ya yafe mini. Na tabbata ya gane abin da na yi tun tuni. Bai tona ni ba. Abin da ya yi kawai shi ne wannan karon ya yi maganar a gabanka, yadda ba ni da hanyar cewa a'a.

Motar da na kashe tawa ce, amma shekarun nan uku naka ne. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, zan jira.

Baffanka ba ya karanta boko. In kun natsu, ka zaunar da shi ka karanta masa takardar nan daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka rufa mini asiri. An rufa mini ya isa. Ni ba zan iya faɗa masa da bakina ba, na gwada a raina ya fi a ƙirga.

Ka yi masa biyayya, ka riƙe masa amana, ka zame masa abin da bai samu ba. Ban ce kishin ya tafi ba, yana nan, ina rubutun nan ina jinsa. Don haka ga roƙona guda ɗaya. Duk abin da zai yi maka, ko taraktar ya mallaka maka, ko aure ya yi maka, ka ci gaba da ce masa Baffa. Kalmar Baba ka bar mini ita.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka mata suna gaishe ka. Ka gaishe da Baffanka da mutanen gidansa. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar laka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa, Ya tsare mutane daga hannunka, Ya ba ka zuciyar da ta fi tawa. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mini da kai lafiya, amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba.